Na'urar Rada da Tsaron Sararin Samaniyar Nijeriya



Tun daga 1925, lokacin da jiragen sama suka fara sauka a Kano, tambayar da ke gaban mai kula da zirga-zirgarsu ba ta sake ba, watau: ina jirgin yake a yanzu? A da, sai matuƙi ya faɗa ta rediyo cewa ya wuce wuri kaza da ƙarfe kaza, mai kula ya rubuta, ya yi lissafi. Da yake lissafi ne ba gani ba, dole a bar tazara mai yawa, sau da yawa minti 10 tsakanin jirgi da jirgi, abin da ya kai wajen kilomita 150. Idan kuwa akwai na'urar da ke nuna jiragen a kan allo, kilomita 9 ko 10 ma sun isa.

Wannan na'ura ita ce rada. (A lura, ba raɗa ba ce, ita wannan kuwwa take yi.) Iri biyu ce, kuma bambancinsu shi ne jigon maganata. Ta farko tana aiki ne kamar amsa-kuwwa. Takan harba igiyar rediyo, igiyar ta bugi jikin jirgi ta dawo. Da yake igiyar tana gudun kilomita 300,000 a daƙiƙa, jirgin da ke nisan kilomita 150 amsarsa takan dawo cikin kashi ɗaya bisa dubu na daƙiƙa, daga nan a san nisansa. Ba ta neman yardar jirgi, amma ba ta san sunansa ba, kuma hangenta gajere ne. Ta biyu kuwa tambaya take yi, wata 'yar na'ura a cikin jirgin ta amsa da lambarsa da tsawon da ya kai a sama. Hangenta yakan zarce kilomita 400. Sai dai fa in matuƙi ya kashe na'urar amsawa, ko ta lalace, shi ke nan ya ɓace mata. Haka ya faru ga jirgin Malesiya MH370 a 2014.

Mun ga abin da rashin gani ke jawowa a nan gida. A watan Oktoba na 2005 jirgin Bellview ya tashi daga Legas da dare ya faɗi a ƙauyen Lisa ta jihar Ogun da mutum 117. Ba nisa ya yi da filin jirgin ba, amma sai washegari aka gano inda yake, bayan an yi ta yaɗa cewa a Kishi ya faɗi, can cikin jihar Oyo.

A lokacin an riga an ba kamfanin Thales na Faransa kwangilar shirin da ake kira TRACON, tun 2003, domin rada ta game ƙasar baki ɗaya a ƙarƙashin hukumar NAMA. Sai a 2010 Shugaba Goodluck Jonathan ya ƙaddamar da shi. An kafa tashoshi 9. Huɗu daga ciki, watau Legas da Abuja da Kano da Fatakwal, suna da iri biyun duka. Sauran biyar, Maiduguri da Ilorin da Numan da Obubra da Talata Mafara, mai tambaya kaɗai gare su.

To, a nan nake so ɗalibai su tsaya su yi tunani a kan kalmar "baki ɗaya". Duniya a dunƙule take, igiyar rada kuwa miƙe take tafiya. Jirgin da ke ƙafa 35,000 a sama ana iya hango shi daga nisan kilomita 400, amma wanda ya sauko ƙafa 1,000, da ya wuce kilomita 70 ko makamancin haka doron ƙasa ya kare shi. Ashe ke nan abin da aka game shi ne sararin sama na can bisa, inda manyan jirage ke ratsawa. Ƙananan jirage da masu saukar ungulu, irin waɗanda ke jigilar ma'aikatan mai a Neja Delta, suna iya yin tafiya mai nisa ba wanda ya gan su. Wanda kuma ya kashe na'urarsa da gangan a nesa da manyan biranen nan huɗu, tashoshin nan biyar ba abin da za su ce a kansa.

Akwai sabuwar dabara mai suna ADS-B, inda jirgi ke samun matsayinsa daga tauraron ɗan Adam ya riƙa shelanta shi da kansa. Tashar karɓarta ba ta da tsada kamar rada, har ma ana iya karɓar shelar daga sama. Hukumar ASECNA, mai kula da sararin Nijar da Chadi da Kamaru, ta rungumi wannan hanya, domin ba mai iya jera rada a cikin Sahara. A ganina ya kamata mu yawaita ta, amma kada a ɗauka ta maye gurbin rada ta farko, tun da ita ma sai jirgi ya yarda ya yi magana.

Ga ma'aikatan da ke tsara kasafin kuɗi kuma, na'urorin 2010 sun tsufa, shugabannin NAMA da kansu sun koka da wahalar samun kayan gyaransu. Tashar da ke Numan ko Obubra tana bukatar wutar lantarki dare da rana, da man janareta, da layin da zai kai hotonta Kano ko Legas, da injiniyan da aka horar aka kuma biya shi hakkinsa. Waɗannan ba a yin bikin yanke kyalle a kansu, amma ran da ɗaya ya yanke, allon mai kula zai yi duhu, ya koma ga takarda da agogo da muryar matuƙi.