Ƙwai goma a ƙarƙashin kaza

Da damina ta kankama zabi suka fara saka ƙwai, kakata takan sayi goma ta cusa wa kazar da ta shiga kwanci, tunda zabuwa ba ta da haƙurin zama a gurbi. Sai a jira kwana 28. In ka tambaye ta nawa za su fito, takan ce, "Takwas dai, in Allah Ya so, biyu su yi baragurbi."

A ce kiyasinta daidai ne, kowane ƙwai yana da damar ƙyanƙyashewa kashi 80 cikin 100. Sau nawa za a samu takwas cif? Buɗe Excel ka rubuta =BINOM.DIST(8,10,0.8,0). Takwas ɗin su ne 'yan tsakin da kake nema, goma yawan ƙwan ne, 0.8 kuma damar kowane ɗaya. Amsar da za ta fito ita ce 0.302. Wato a kwanci goma, sau uku kacal za ta ga takwas ɗinta.

Na daɗe ina kallon lambar nan ina jin kamar kwamfuta ta ƙaryata tsohuwa. Ashe ba haka ba ne, takwas ce ta fi kowace lamba yawan fitowa, sai dai bakwai da tara suna maƙale da ita kamar kishiyoyi. Abin da Excel ta yi shi ne ƙirga hanyoyi 45 da baragurbi biyu za su iya faɗowa cikin goma, sannan ta ninka da damar kowace hanya. Lissafin ya girmi kwamfuta nesa ba kusa ba, yana cikin littafin Jacob Bernoulli na Basel da aka buga a 1713, bayan rasuwarsa.

Lamba ta ƙarshe a cikin BINOM.DIST ce ke ruɗa mutane. In ka sa 0, kana nufin takwas ba ƙari ba ragi. In ka sa 1, an tattaro tun daga sifili har zuwa lambar da ka bayar. Rubuta =BINOM.DIST(7,10,0.8,1), za ka ga 0.322: kusan sau ɗaya cikin uku, abin da zai fito ba zai kai takwas ba. Duka goman su fito kuwa, 0.107 ne.

Amma akwai sharaɗin da Excel ba za ta tuna maka ba. Lissafin ya ɗauka cewa kowane ƙwai zaman kansa yake yi, lalacewar wannan ba ta shafi wancan ba. Wata shekara ruwan watan Agusta ya shiga akurkin cikin dare, kaza ta tashi ta bar gurbin, goman nan duk suka yi sanyi tare. Ga Excel, irin wannan asarar sau ɗaya ce cikin kusan miliyan goma. Kafin ka yarda da amsarta, je ka duba ko akurkinka yana yoyo.