Ɗan Sandan da Ke Bakin Hanyarmu

Kowace safiya, kafin a buga ƙararrawar taro, akwai wani kofur da ke tsayawa a mararraba yana tsai da motoci domin ɗalibanmu na jeka-ka-dawo su ƙetare titi. Mun lura cewa kaɗan ne daga cikinku ke gaishe shi. Wasu ma, da zarar sun wuce, sai su fara yi masa shaguɓe a kan “na goro”. Wannan ne ya sa muka ga ya dace mu yi muku ɗan bayani a kan aikin ɗan sanda.

Rundunar 'Yan Sandan Nijeriya ta samu ne a shekarar 1930, lokacin da Turawa suka haɗa ta Arewa da ta Kudu, hedkwatarta a Legas. Amma a nan Arewa, kakanninmu sun fi sanin dogarai da 'yan doka na En'e, waɗanda ke ƙarƙashin sarakuna. Sai a zamanin mulkin Janar Gowon aka soke 'yan dokan, aka shigar da waɗanda suka cancanta cikin rundunar tarayya. Louis Edet ne ɗan ƙasa na farko da ya zama Sufeto Janar, a 1964, sannan Kam Selem, mutumin Borno, ya gaje shi a 1966. Shi ya sa sau da yawa ɗan sandan garinmu ba ɗan garin ba ne. Ana iya ɗauko shi daga Kalaba a kawo shi nan, ya bar iyali a can, ya zauna a ɗaki ɗaya a bariki, ya koyi Hausa a kasuwa.

Ku duba aikin da kansa. Idan mota ta faɗi da tsakar dare, shi ake kira ya kwashe waɗanda suka ji ciwo. Ranar jarrabawar WAEC, yakan kwana yana gadin takardun da ku za ku rubuta. Ranar Kirsimeti da ranar Salla, mu muna cin shinkafa da nama, shi yana tsaye a ƙofar majami'a ko a filin Idi cikin rana. Idan 'yan fashi suka tare hanya, kowa yana gudu, shi kuwa can ake tura shi.

Ba mu ce duka tsarkaka ba ne. Karɓar kuɗi a shingen hanya laifi ne, kuma zaluncin sashen SARS ne ya fito da matasa kan tituna a watan Oktoba na 2020, har aka rushe sashen. Sai dai a cikin tarzomar da ta biyo baya an ƙone caji ofis da dama, an kashe 'yan sanda, waɗanda yawancinsu ƙananan ma'aikata ne masu 'ya'ya a makaranta kamar ku. Kuma mu tuna, direban da ya miƙa kuɗin nan domin ba shi da lasin, shi ma yana da nasa kason laifin.

Saboda haka, idan ɗan sanda ya tsai da ku, ku tsaya, ku gaishe shi, ku amsa tambayarsa ba tare da gardama ba. Ku sani beli kyauta ne bisa doka. In an nemi kuɗi a hannunku, ku gaya wa iyayenku ko shugaban makaranta, su kai ƙara wurin DPO. Kofur ɗin nan na mararraba kuwa, yana isowa tun ƙarfe bakwai saura kwata.