Yadda hasken eksire ke tona asirin karyewar roba

Idan aka lanƙwasa rular ɗan makaranta, wani farin tabo kan bayyana a jikinta kafin ta karye. Masana kimiyya sun ce a cikin wannan tabo ne amsar dalilin da ya sa wata robar ke daɗewa, wata kuwa ta fashe nan da nan.

Batun ya shafi masana'antun roba na Sharada da Bompai da kuma Challawa da ke kusa da Panshekara a Kano, inda wasu ke narka tsofaffin robobin da 'yan jari-bola ke tarawa domin yin sababbin kaya.

Roba mai tauri da garai-garai kamar gilashi, irin su folistirin, an gina ta ne da dogayen sarƙoƙi da suka sarƙe da juna. Idan aka matsa mata, sai ƙananan ramuka su buɗe, wasu zarurruka kuma su riƙe bakunansu. Zaren ya fi gashin kai siranta sau dubbai, don haka madubin ƙara girma na yau da kullum ba ya ganinsa.

A nan ne ake amfani da hasken eksire, wanda Wilhelm Röntgen ya gano a Jamus a 1895. Maimakon ɗaukar hoto kamar na asibiti, akan harba siririn hasken ne cikin robar, a auna yadda ya warwatsu, daga nan a lissafa kaurin zaren da tazararsu.

André Guinier na Faransa ne ya aza harsashin dabarar a ƙarshen shekarun 1930, yayin da Edward Kramer da abokan aikinsa a Jami'ar Cornell ta Amurka suka yi amfani da ita kan roba a shekarun 1980.

Bincike ya nuna cewa idan sarƙoƙin dogaye ne, zaren kan jure. Amma zafin narkawa sau da sau, da hasken rana, na gutsuttsura su, sai zaren ya tsinke, ramin ya zama tsaga. Shi ya sa ake gauraya tsohuwar roba da sabuwa, ko a sa wa folistirin ƙwayoyin danƙo.

Akan samu irin wannan haske mai ƙarfi sosai daga na'urar sinkurotoron, kamar ta Grenoble a Faransa da ta SESAME da aka buɗe a Jordan a 2017. Har yanzu babu ko guda a nahiyar Afirka.