Neman Wurin Ajiyar Tsohuwar Mota Mai Daraja: Abubuwan Da Ya Kamata Mai Dukiya Ya Duba

A cikin kadarorin da ɗan kasuwa kan mallaka, tsohuwar mota mai daraja tana daga cikin ƙalilan da kan lalace ƙurmus alhali ba wanda ya taɓa su. Fili yana iya jiran mai shi shekara da shekaru, amma motar da aka jingine a wurin da bai dace ba, 'yan damuna kaɗan sun isa su mai da ita kayan 'yan gwangwan. Dalili ke nan da masu wannan harka suke lissafa kuɗin wurin ajiya a cikin jarin da suka zuba, tun kafin su biya kuɗin motar.

Ƙungiyar kula da tsofaffin motoci ta duniya, wato FIVA, tana ɗaukar mota a matsayin ta tarihi idan ta kai shekara 30 da ƙerawa, tana nan a kan siffarta ta asali, kuma ba da ita ake zirga-zirgar yau da kullum ba. Jamus ma shekara 30 take bi wajen ba da lamba ta musamman mai harafin H, tsarin da ta fara a 1997, ita kuwa Birtaniya sai mota ta cika shekara 40 ake yafe mata harajin hanya. Bisa wannan ma'auni, motoci da yawa da ke kwance a gidajenmu sun shiga sahu, kamar Peugeot 404 da 504 na kamfanin da ya fara harhaɗa motoci a Kaduna a 1975, da Volkswagen Beetle da aka riƙa harhaɗawa a Legas, da kuma tsofaffin Mercedes-Benz na shekarun 1970 da 1980.

Darasi daga Faransa

A shekarar 2014 aka gano tarin tsofaffin motoci a wani gida da ke yammacin Faransa, mallakar marigayi Roger Baillon, wani mai kamfanin sufuri wanda ya yi niyyar buɗe gidan tarihin motoci, amma karayar arziki ta hana shi a shekarun 1970. Akasarin motocin sun shafe shekaru masu yawa a ƙarƙashin rumfunan kwano marasa bango, inda tsatsa ta cinye su, ciyayi suka ratsa wasu. Wata Ferrari ƙirar 1961 kuwa, a cikin rufaffen gareji aka same ta an jibga mata tsofaffin mujallu, jikinta bai yi lalacewar sauran ba. Da kamfanin Artcurial ya yi gwanjon motoci 59 daga cikinsu a birnin Paris a watan Fabrairun 2015, ita kaɗai ta kawo sama da Yuro miliyan 16, daga cikin kimanin miliyan 25 da aka tara.

Gaskiya ne ƙarancin irinta shi ne babban dalilin tsadarta, har ma wasu daga cikin ruɓaɓɓun sun samu masaya saboda sunan da suke ɗauke da shi. To, amma mai 504 ba shi da wannan gata. Da zarar tsatsa ta huda ƙasan motar da gindin ƙofofinta, kuɗin gyara yakan zarce abin da za a saye ta bayan an gama.

Abokan gaba uku

Na farko shi ne laima. Masu sana'ar ajiyar motoci kan riƙe laimar ɗaki tsakanin kashi 40 zuwa 60 cikin 100, domin idan ta haura haka tsatsa da fumfuna suna samun gindin zama, idan kuma ta yi ƙasa ƙwarai sai fatar kujeru da katakon ado su bushe su tsage. A Legas, Fatakwal da Kalaba laima takan wuce kashi 80 a damina, ga kuma gishirin iskar teku. A Arewa matsalar takan juya, inda bushewar hunturu da ƙurarsa suke cin fenti da robobi. Na'urar auna laima ba ta da tsada, kuma ya kamata a rataya ta a wurin na wasu kwanaki kafin a biya haya.

Na biyu shi ne rana da zafi. A Sakkwato da Maiduguri zafin bazara yakan haura digiri 40, abin da ke koɗar da fenti, ya fasa allon gaban direba, ya kuma tsofar da tayoyi. Lulluɓe mota da tamfol na leda ba ya magance wannan, hasali ma yana tsare gumi a jikin ƙarfe, iska kuma tana goga shi a kan fenti. Mayafin auduga mai shan iska ya fi.

Na uku su ne ɓeraye da gara. Ɓera yana tauna wayoyin lantarki, ya yi sheƙa a cikin kujeru da bakin salansa. Don haka siton da aka taɓa zuba hatsi, gyaɗa ko abincin kaji a ciki, ko wanda yake maƙwabtaka da irinsa, abin gudu ne komai arharsa.

Ire-iren wuraren ajiya

Garejin gida shi ne mafi sauƙi, matuƙar yana da daɓen siminti busasshe, da rufin da ba ya yoyo, da tagogin shan iska masu raga. Wuri mai faɗin mita 3 da tsawon mita 6 yakan isa a buɗe ƙofa a kewaya motar. A guji daɓen ƙasa, saboda danshi yana tasowa ya kama motar daga ƙasa.

Wasu kan sayi kwantena mai ƙafa 20, wadda cikinta ya kusa mita 6 a tsawo, faɗi kuma mita 2.3 da 'yan kai. Tana ɗaukar 504 mai tsawon kimanin mita 4.5, kuma tana da wuyar fasawa ga ɓarawo. Illarta ita ce zafin rana da sanyin dare suna sa ruwa ya taru a rufinta ya riƙa ɗiga. Sai an yi mata rumfa, an ɗora ta a kan bulo, an kuma fasa mata hanyoyin iska kafin ta yi amfani.

Hayar wani sashe na sito ita ce hanya ta uku. A nan abin dubawa shi ne tarihin wurin da ruwa. Ambaliyar 2012 da ta 2022 a garuruwan bakin Neja da Binuwai, da wadda ta auka wa Maiduguri a Satumban 2024, sun nuna cewa gini mai kyau a kwari ba mafaka ba ne. A tambayi maƙwabta, a duba alamar ruwa a bango, a kuma san irin kayan da ake ajiyewa a gefe, musamman fetur, taki ko sinadarai.

Kafin a kulle ƙofa

Ya kamata a wanke motar ta bushe sarai, a sauya baƙin mai, a cire kan batir ko a haɗa shi da ƙaramar na'urar caji. A ƙara wa tayoyi iska ko a ɗaga motar a kan madogarai, domin doguwar tsayuwa tana baje gefen taya. Kada a ja birkin hannu, saboda yana manne wa, a dai sa waigi. Fetur yana lalacewa cikin watanni ya toshe kafireta, man birki kuma yana tsotsar danshi. Tayar da inji na minti biyu a kashe ba ya da amfani, domin yana tara ruwa a salansa. Gara a fita da motar lokaci-lokaci har inji ya ɗauki cikakken zafi.

Takarda da inshora

Asarar da ake yi ta hanyar amana ba ta gaza ta tsatsa ba. Motar da aka bari a harabar aboki ko garejin makanike babu rubutu, takan wayi gari babu fitilu, sitiyari ko tambari, kayan da a yau ake shan wuya kafin a samu na asali. Wajibi ne a yi yarjejeniya a rubuce mai ɗauke da lambar inji da ta shasi, da hotunan motar ciki da waje, da sunan mai riƙe makulli, da kuɗin haya, da wanda zai ɗauki nauyi idan aka yi gobara ko sata, da abin da zai biyo baya idan haya ta taru. Takardun motar na asali kuwa su zauna a hannun mai ita, hakan kuma zai sauƙaƙa wa magada.

Inshorar dole da aka saba yi wa motoci, wadda aka ƙara kuɗinta zuwa Naira 15,000 a Janairun 2023, ɓarnar da mota ta yi wa wani kawai take biya. Mai tsohuwar mota yana bukatar inshorar gobara da sata, tare da amincewa a rubuce kan darajar motar tun farko, in ba haka ba za a ƙiyasta ta a matsayin tsohon ƙarfe.

A Ingila ajiyar irin waɗannan motoci sana'a ce mai zaman kanta, har aka mai da tsohon sansanin mayaƙan sama na Bicester cibiyar ajiya da gyaransu daga 2013. Masu manyan sito da ke zaune babu aiki a Kakuri, Bompai da Sharaɗa suna iya duba wannan hanya, domin abin da mai mota yake biya shi ne busasshen daɓe, rufi mai kyau, mai gadi amintacce da rajistar da ake rubuta duk wanda ya shiga ko ya fita.