Idan rana ta yi aman wuta: gargaɗin da ke zuwa daga sama, da teburin da yake nema a Abuja

A Sorau, garin da ke Ƙaramar Hukumar Maiha, kudu da Mubi, daf da iyakar Najeriya da Kamaru, babu mai buƙatar a yi masa bayanin rana. Manomi ya san ta wajen shanyar masara da gyaɗa. Makiyayi ya san ta a watan Maris da Afrilu, lokacin da inuwar bishiya ke yin tsada. Mai shagon cajin waya kuwa da ita yake cin abinci, ta hanyar farantin sola da ke kan rufinsa. Sai dai tana da wani hali da ido ba ya gani. Lokaci zuwa lokaci takan yi aman wuta, ta watso biliyoyin tan na iskar gas mai ɗauke da cajin lantarki cikin sararin samaniya. Idan aman ya doso duniya, yana iya taɓa rediyo, da na'urar GPS, da layin wutar lantarki, da taurarin ɗan'adam, wato abubuwan da ke haɗa gari irin Sorau da Yola da Abuja.

Yadda abin ke faruwa

Rana curi ce ta iskar gas mai tsananin zafi, a nisan kimanin kilomita miliyan 150 daga duniya. Da yake ba sandararren abu ba ce, tsakiyarta kan kammala juyi ɗaya cikin kwana 25, yayin da ɓangarorinta na arewa da kudu ke ɗaukar kusan kwana 35. Wannan bambanci yana murɗa layukan maganaɗisun da ke jikinta, kamar yadda ake murɗa igiya har ta ƙulle. Inda ƙullin ya yi tsanani, sai baƙaƙen tabo su bayyana a fuskarta. Idan igiyar ta tsinke ta sake haɗewa, ƙarfin da ya taru sai ya fita lokaci guda.

Fitar iri biyu ce. Ta farko walƙiya ce mai tafiya da gudun haske, wadda ke isowa duniya cikin minti takwas da 'yan daƙiƙoƙi. Babu damar yin gargaɗi a kanta, domin ganinta shi ne isowarta. Ita ce kan sa rediyon gajeren zango ya ɗauke ɗif da rana tsaka, na 'yan mintoci ko fiye da awa guda. Ta biyu ita ce curin gas ɗin kansa, wanda ke tahowa da nasa maganaɗisun. Gudunsa kan kama daga kilomita 250 zuwa kusan 3,000 a daƙiƙa ɗaya, saboda haka yakan ɗauki kwana ɗaya zuwa huɗu, mafi sauri kuma awa 15 zuwa 18. Wannan tazara ita ce dukkan jarin masu hasashe.

Yawan aman yana hawa da sauka cikin zagaye na kimanin shekara 11. Zagayen da ake ciki, na 25 a lissafin masana, ya fara ne a Disambar 2019, kuma a Oktoban 2024 hukumomin NASA da NOAA na Amurka suka bayyana cewa rana ta kai ganiyarsa. Tarihi ya nuna cewa manyan guguwa kan auku har a shekarun da ke biye da ganiyar.

Masu gadi a sararin samaniya

Waɗanda suka kasance a Gusau ko Katsina ranar 29 ga Maris, 2006, sun ga abin da injiniyoyi ke kwaikwaya. A wannan safiya wata ya rufe rana ruf, gari ya yi duhu, sai wani farin haske mai kama da rawani ya bayyana a kewayenta. Wannan rawanin shi ne sararin da aman ke fitowa daga cikinsa, kuma ba a ganinsa sai an kare hasken fuskar rana. Kusufi cikakke ba ya wuce 'yan mintoci, don haka aka ƙera na'urar hangen nesa mai ɗan faifai a gabanta, wanda ke rufe fuskar rana dare da rana. Da irin wannan na'ura kumbon OSO-7 na Amurka ya fara ɗaukar hoton aman a Disambar 1971.

Kumbon da ya fi daɗewa a wannan aiki shi ne SOHO, na haɗin gwiwar Turai da Amurka, wanda aka harba ranar 2 ga Disamba, 1995. Yana zaune a wani matsayi da ake kira L1, kilomita miliyan 1.5 daga duniya ta ɓangaren rana, inda babu abin da ke kare masa gani. Matsalarsa ita ce yana kallon aman da ya doso duniya gaba da gaba, kamar mutumin da ke tsaye a kan titi yana son ƙiyasta gudun motar da ta nufo shi. Don a samu gani daga gefe aka harba tagwayen kumbon STEREO a Oktoban 2006. Ɗayansu ya yi shiru tun 2014. Ɗayan kuwa shi ne ya auna wani gagarumin aman da ya fita ranar 23 ga Yuli, 2012, wanda bai sami duniya ba saboda ba ta kan hanyarsa a lokacin.

A Fabrairun 2010 aka ƙara kumbon SDO, mai ɗaukar hoton fuskar rana kowace daƙiƙa 12, domin a ga ƙullin maganaɗisu tun kafin ya tsinke. Kumbon Parker, da aka harba a Agustan 2018, ya shiga cikin rawanin kansa, kuma ranar 24 ga Disamba, 2024, ya kusanci rana da tazarar kilomita miliyan 6.1, kusancin da wani abin da ɗan'adam ya ƙera bai taɓa yi ba. Indiya ma ta aika nata, Aditya-L1, a Satumbar 2023.

Duk da waɗannan idanu, akwai abu ɗaya da hoto ba ya nunawa, wato inda maganaɗisun curin ya fuskanta. Idan ya fuskanci arewa, garkuwar maganaɗisun duniya kan kautar da mafi yawansa. Idan ya fuskanci kudu, sai ya sarƙe da garkuwar, ƙarfinsa ya kwararo ciki. Ba a tabbatar da wannan sai curin ya ratsa ta kan kumbunan aune da ke L1, irin su ACE da DSCOVR. Daga nan saura minti 15 zuwa awa guda ya iso. Gargaɗin farko ke nan na kwanaki, mai ɗauke da shakka, na ƙarshe kuma na mintoci, mai ɗauke da tabbas.

Rabon Najeriya a ciki

An fi danganta ɓarnar guguwar rana da ƙasashen da ke can arewa. A Satumbar 1859, bayan walƙiyar da Richard Carrington ya gani daga Ingila, layukan tangaraho sun riƙa tartsatsi a Turai da Amurka. Ranar 13 ga Maris, 1989, wuta ta ɗauke wa mutum miliyan shida a lardin Kebek na Kanada har tsawon awa tara. Amma guguwar ƙarshen Oktoban 2003 ta lalata manyan taransifomomi a Afirka ta Kudu, ƙasar da ake ɗauka tana nesa da haɗarin. Ɗaukewar wutar da aka saba gani a Najeriya tana da nata dalilan na cikin gida, sai dai layin da ke fama da rauni tun asali ba shi da rarar ƙarfin jure ƙarin nauyi.

Babbar matsalar Najeriya ta wani ɓangaren take. Layin da ya raba maganaɗisun duniya gida biyu ya ratsa arewacin ƙasar, kuma yankin Mubi ba shi da nisa da shi. A saman wannan layi, a tsawon kimanin kilomita 100, akwai wani kogin lantarki da ke gudu zuwa gabas da rana, wanda Farfesa Cyril Onwumechili ya shafe shekaru yana nazarinsa daga Jami'ar Ibadan har ya zama madogara a fagen a duniya. Bayan faɗuwar rana kuma, shimfiɗar iska mai caji da ke can sama takan yamutse, ta yi wasu manyan kumfa. Saƙon GPS, wanda ke saukowa daga nisan kilomita 20,000, dole ya ratsa wannan shimfiɗa. Idan ta yamutse, saƙon kan yi rawa ko ya yanke, na'ura ta ba da wurin da ba shi ne ba. Abin ya fi tsanani daga magariba zuwa tsakar dare, a watannin Maris da Afrilu da Satumba da Oktoba, musamman a shekarun ganiyar rana. Guguwa kuma takan birkita wannan tsari, wani lokaci ta tsananta shi, wani lokaci ta danne shi.

A gari irin Sorau, kuskuren 'yan mitoci ba ƙaramin abu ba ne. Tun bayan hukuncin Kotun Duniya na 10 ga Oktoba, 2002, hukumar haɗin gwiwa ta Najeriya da Kamaru take aikin shata iyakar da ta kai kimanin kilomita 2,000, kuma da GPS ake tantance inda kowane ginshiƙi zai tsaya. Haka ake auna gonaki da filaye da hanyoyi. Ƙwararren safiyo yana rage kuskure ta hanyar jingina awonsa da tashoshin dindindin, irin waɗanda Ofishin Babban Safiyo na Tarayya ya fara kafawa a 2008 ƙarƙashin tsarin NIGNET, ciki har da ta Yola, da ta Zariya, da ta Toro a Jihar Bauchi. Tashar da batirinta ya mutu ko intanet ɗinta ya yanke ba ta gyara awon kowa. Ko a Amurka, guguwar 10 ga Mayu, 2024, mafi ƙarfi tun 2003, ta sa manoma da dama sun dakatar da shuka saboda taraktocinsu masu bin GPS sun kauce daga layi.

Akwai kuma dukiyar ƙasa da ke sama. Najeriya ta ɗanɗana zafin rasa tauraro a Nuwambar 2008, lokacin da NigComSat-1 ya daina aiki wata 18 bayan harba shi, saboda matsalar farantan da ke ba shi wuta. Ba guguwar rana aka ɗora wa laifin ba, amma sai da aka jira har Disambar 2011 kafin NigComSat-1R ya maye gurbinsa, da wa'adin aiki na shekara 15. A Fabrairun 2022 kuwa, wata guguwa mai sauƙi ta kumbura iskar sama, ta jawo 38 daga cikin taurari 49 da kamfanin SpaceX ya harba na Starlink suka faɗo suka ƙone.

Abin da ya rage wa Abuja

Najeriya ba ta buƙatar kumbon kallon rana nata. Hotunan SOHO da SDO da sanarwar cibiyar hasashe ta NOAA da ke Bolda a jihar Kolorado duk kyauta ake samunsu a intanet. Tun Nuwambar 2019 hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, take aika wa matuƙa gargaɗin yanayin sararin samaniya. Afirka ta Kudu ta buɗe cibiya mai aiki dare da rana a garin Hamanus a Nuwambar 2022. A gida kuma, hukumar binciken sararin samaniya, NASRDA, da aka kafa a 1999, tana da Cibiyar Binciken Yanayin Sama a Anyigba ta Jihar Kogi, wadda wannan fage yake cikin aikinta.

Abin da kumbo ba zai yi wa Najeriya ba shi ne auna samanta. Yadda shimfiɗar da ke saman Adamawa za ta amsa wata guguwa, sai na'urar da ke ƙasar Adamawa ce za ta faɗa. Irin waɗannan na'urori ba su da tsada idan aka gwada su da tauraro ɗaya. Abin da ke kashe su shi ne rashin batir, da kuɗin intanet, da alawus ɗin mai kula da su, wato ƙananan layukan da aka fi saurin gogewa idan ana rage kasafin kuɗi.

Sai kuma hanyar da gargaɗi zai bi. Sanarwar da ke da ran awa guda ba ta jure a buɗe mata fayil. Tana buƙatar jami'in da aka ambata da suna a ɗakin kula da layin wuta na ƙasa, da wani a hukumar kula da sararin jirage, NAMA, da wani a NIGCOMSAT, da wani a ofishin safiyo, kowannensu da rubutaccen umarnin abin da zai yi idan saƙo ya shigo da ƙarfe biyun dare ranar Asabar. Hausawa na cewa rigakafi ya fi magani, kuma a nan rigakafin bai wuce takarda mai shafi biyu da jerin lambobin waya da ake sabuntawa ba. Mai taimaka wa minista ko babban sakatare zai iya tambaya a taro na gaba ko akwai wannan takarda, da kuma ko tashar Yola ta aiko da bayanai a wannan mako. Safiyon da zai fita awo a gefen Sorau yana dogara da amsar, ko da bai san an yi tambayar ba.