Bayan Shanyewar Ɓarin Jiki: Yaushe Direba Zai Koma Tuƙi?

A ƙasar Ikara da Makarfi da Kudan, tuƙi sana'a ce da magidanta da yawa suka dogara da ita. Su ne ke kwasar rake da tumatir da barkono zuwa kasuwannin Zariya da Kano. Saboda haka, idan ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da direba, da zarar ya fara takawa sai ya ƙosa ya koma bakin aiki. Sai dai warkewar hannu da ƙafa ba ta isa shaida ba.

Wannan ciwo yana aukuwa ne idan jijiyar jini ta toshe ko ta fashe a cikin ƙwaƙwalwa, kuma hawan jini ne babban sanadinsa. Gaɓoɓi kan warware alhali wata illa tana ɓoye. Wani yakan rasa rabin ganinsa a idanu biyu. Wani kuwa, musamman wanda ciwon ya taɓa sashen dama na ƙwaƙwalwarsa, idonsa garau yake, amma hankalinsa ba ya kaiwa ga abin da ke hagunsa, kuma bai ma sani ba. Haɗarin a fili yake, domin tun 1972 ake tuƙi ta hannun dama a Nijeriya, wato motar da ake gaba da gaba da ita ta hagu take wucewa. Haka kuma, motar da ke gudun kilomita 60 a awa tana cin kusan mita 17 a daƙiƙa guda. Jinkiri kaɗan wajen taka birki na iya jawo asarar rai.

Shi ya sa masana ke bin matakai uku. Da farko likita zai auna faɗin gani da ƙarfin gaɓoɓi, ya kuma binciki ko farfaɗiya ta biyo bayan ciwon. Na biyu, a gwada natsuwa da saurin yanke shawara, misali ta hanyar haɗa lambobi da haruffa bi da bi, da gane alamomin hanya. Na uku, a gwada shi a kan titi tare da ƙwararre. A Ingila, doka ta hana mai ƙaramar mota tuƙi har wata ɗaya bayan ciwon, direban babbar mota ko bas kuwa shekara guda.

Ga mutanen wannan yanki, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika ba shi da nisa. Ya kamata iyali su riƙe makullin mota har sai likita ya duba ya amince. Sannu ba ta hana zuwa.