Rumbun Manhajojin Kamfani: Yadda Ake Sarrafa Wayoyin Ma'aikata Daga Ofis

Maiduguri: Babu wani attajiri a Kasuwar Monday da zai cika sito da kaya ya bar shi ba kwaɗo ba mai tsaro. Amma kamfanoni da yawa sun raba wa ma'aikatansu wayoyin salula masu ɗauke da sunayen abokan ciniki, da farashi, da lissafin bashi, ba tare da sun naɗa wanda zai kula da abin da ke shiga ko fita daga wayoyin ba. Maganin wannan giɓi shi ne rumbun manhajoji na kamfani, wanda jami'i guda ke gudanarwa daga shafin intanet a kan kwamfutar ofis.

Rumbun dai tamkar kantin Google Play ne, sai dai na cikin gida ne, kuma ba abin da ke bayyana a cikinsa sai manhajojin da kamfanin ya amince da su. Google na da irin wannan tsari ga wayoyin Android mai suna Managed Google Play, Apple na da nasa ga wayoyin iPhone, sa'an nan akwai shafukan gudanarwa irin su Microsoft Intune da Samsung Knox.

Aikin yana farawa ne da rajistar kowace waya, galibi ta hanyar ɗaukar hoton wata alama ta QR a lokacin da ake kunna ta karo na farko. Daga nan jami'in zai kasa wayoyin rukuni-rukuni. A ɗauka wani dillalin kayan masarufi yana da wakilai 40 da ke kai kaya Bama da Dikwa da Monguno. Wakilan za su sami manhajar karɓar oda, akantoci su sami ta lissafi, direbobi kuwa a kulle wayoyinsu kan manhaja ɗaya tak. Idan aka fitar da sabuwar siga, jami'in zai ɗora ta sau ɗaya a shafin, ta sauka a kan wayoyin rukunin baki ɗaya, kuma ya ga wadda ta karɓa da wadda ba ta karɓa ba. Ba haka ba, wani wakili zai ci gaba da sayar da kaya a tsohon farashi, asarar kuwa ta mai gida ce.

Jihar Borno ta riga ta ga amfanin wayoyi masu yawa da ke aiki da manhaja guda ƙarƙashin cibiya guda. A yaƙin da aka yi da cutar shan inna, an ba ayarin masu allurar rigakafi wayoyin da ke nuna wuraren da suka taka, ana tattara bayanan a cibiyoyin gaggawa, har da ta Maiduguri. A Borno aka ga masu ɗauke da ainihin ƙwayar cutar na ƙarshe a Najeriya cikin 2016, kuma a ranar 25 ga Agusta, 2020 aka tabbatar da kuɓutar Afirka daga gare ta.

Bugu da ƙari, masifun da suka auka wa birnin sun nuna hatsarin barin lissafi a cikin waya ko littafi kaɗai. Gobarar Kasuwar Monday ta watan Fabrairun 2023 da ambaliyar da ta biyo bayan ɓallewar madatsar ruwa ta Alau a Satumban 2024 sun lashe dukiya mai ɗimbin yawa. Kamfanin da ke da rumbu, wanda kuma manhajojinsa ke adana bayanai a intanet, zai sayi sababbin wayoyi ya yi musu rajista, manhajojin su dawo da kansu. Haka zalika idan aka sace waya, ko ma'aikaci ya bar aiki, ana iya goge bayanan kamfani daga nesa. Idan wayar ta ma'aikacin ce, ana keɓe wa aiki sashensa daban, kamfani ba ya ganin hotuna ko saƙonnin mai ita.

Doka ma ta shigo cikin lamarin. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Najeriya, wadda Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2023, ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan mutane alhakin tsare su, ta kuma tanadi tara ga wanda ya yi sakaci.

Sai dai tsarin yana da iyaka. Umurnin gogewa ba ya aiki sai wayar ta hau intanet, saboda haka wayar da aka sace a inda babu sabis tana nan da bayananta. Dole a tilasta kulle kowace waya da lambar sirri. Sabuntawa na cin data da batir, kuma mazauna Maiduguri ba su manta da duhun da ya biyo bayan lalata turakun wutar lantarki a Janairun 2021 ba, don haka ya fi kyau a tsara ta ga lokacin da wakilai suka dawo ofis. Kada kuma a tura sabuwar siga ga kowa a tashi ɗaya, a fara gwada ta a kan wayoyi biyu ko uku, domin kuskure guda na iya tsayar da cinikin yini. Akasarin masu ba da wannan hidima suna cajin kuɗi ne kan kowace waya ko kowane ma'aikaci, sau da yawa bisa farashin dala, don haka a yi lissafin shekara kafin a sa hannu.

Abu mafi muhimmanci shi ne mabuɗin shafin. Wanda ke riƙe da shi yana da ikon goge wayoyin kamfani gaba ɗaya. Ya kamata a buɗe asusun da sunan kamfani, ba na ma'aikaci ko ɗan kwangila ba, a sa masa matakin tsaro na biyu, sa'an nan mai kamfanin ya riƙe nasa mabuɗin, kamar yadda yake riƙe da na sito.